Haƙora Uku da Kilishin Madawa

Shekarar da na fara koyarwa a lakwal ɗin Allakaye ne kakata, mahaifiyar babana, ta fara ramewa. Zane ya daina zama a ƙugunta. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango, ta huta, sannan ta miƙe. Gidanmu kuwa cike yake da masana. Babana ya ce tsufa ne, tsufa kuma ba shi da magani. Ƙanensa da ya dawo daga Abijan ya jera mata kwalaben siro, maganin sha mai zaƙi, a taga. Ni kuma mai boko, duk ranar da na je Madawa sai na sayo mata kilishi, in shigo da shi a hannu don maƙwabta su gani.

Ranar da ta faɗi a gindin randa muka kai ta asibiti a Buza. Likita ya ce babu karaya, ya tura mu wurin wata mata mai kula da abincin marasa lafiya. Babana ya yi tsaki, wai mun zo neman allura an haɗa mu da mai girki.

Matar ta ɗora kaka a sikeli, ta auna kaurin damtsenta, ta ce ta matse mata hannu da ƙarfi. Sannan ta durƙusa gabanta.

"Inna, jiya me kika ci?"

"Hura, ɗiyata."

"Da nono?"

"Da ruwa. Nono kasuwa yake zuwa."

Na yi maza na ce ai ina kawo mata kilishi. Matar ta sa kaka ta buɗe baki. Haƙora uku ne, biyu na girgiɗi.

"Malam, da me take taunawa?"

Kaka ta amsa mini: "Jikoki ke ci. Ni ƙamshin ya ishe ni."

Sai matar ta juya wurin babana ta tambaye shi ko yana kiwo. Nan take fuskarsa ta washe. Ya shiga ba ta labarin ragonsa: dusa safe da maraice, harawar wake, kanwa a ruwan sha. Ya ce ko loma guda ragon ya rage, shi ya sani.

"Madalla, Baba. To ita fa, yaushe ta daina cinye kwanonta?"

Babana ya ƙura wa takalminsa ido. Ni ma na sami abin kallo a bango.

Matar ba ta rubuta allura ba. Ta ce a dafa wake ya yi lugub, a ba ta ƙwai, a sa nono a hura, garin ƙuli-ƙuli a kunu, zogale a miya. A ba ta kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Kada a bar ta ta ci ita kaɗai, kuma kullum ta ɗan zaga tsakar gida. A hanya babana ya yi ta ƙorafi, wai duk wannan muna da shi a gida. Arhar maganin ce ta fi ɓata masa rai.

Mahaifiyata ce ta ɗauki aikin, mu maza muka ci gaba da ba da shawara. Kafin a gama girbi kaka tana tashi ba tare da bango ba. Fitarta ta farko gidan suna ta tafi da sandarta. Can ta zauna tsakiyar mata, ta shaida musu yadda ƴaƴan cikinta suka kusa kashe ta da yunwa alhali rumbu cike. Kafin la'asar zancen ya kai ƙofar masallaci. Mako guda babana yana idar da salla ya ɗauki takalmi, ba ya tsayawa gaisuwa.