Gwiwar Dada da kaskon garwashi

Ɗazu na shiga gidanmu a Barade, na tarar da Dada, mahaifiyata, ta miƙe ƙafafu dab da kaskon garwashi, gwiwoyinta sun sha man kaɗanya. Haka take gasa su kullum saboda sanyin ƙashi.

Da na durƙusa gaishe ta, sai na ga fatar gwiwar hagu ta tashi ta ɗuri ruwa, ita kuwa ko a jikinta. Ga ta kuma da ciwon suga.

Na ce, "Dada, kin ƙone ba ki ji ba? Don Allah ki bar gashin nan, shayin citta da zogale sun isa."

Ta ce, "Citta tana rage zogi, amma sai na gasa goshina ke iya taɓa ƙasa."

Na ɗauke kaskon, gobe sai asibiti. Amma da ta jawo kujera ta kabbara sallar magariba a zaune, kasa kallonta na yi.

Masu tsofaffi a gida, me kuke ba su da ke sassauta gwiwa ba sai da wuta ba?