Ƙugiyar Wuyan Kaki

Jiya ɗalibaina suka ce za su sake yin wasan kwaikwayon tarihin da muka saba yi, sai na buɗe akwatin kayan wasa a lakwal, wato makarantarmu. Warin kafur na buguna, marigayi kawuna, tela a Yantala, ya faɗo mini a rai.

Shi ke ɗinka mana kakin sojan zamanin Faransa, mai tsayayyen wuya da ake kamawa da 'yar ƙugiyar ƙarfe da zobenta. Yakan gama komai, amma ƙugiyar wuya ba ya ɗinka ta sai mai sakawa ya shiga rigar. Ranar da na je gwada tawa na ce, "Kawu, ai da ka ƙarasa ta tun jiya."

Ya ciji zare, ya ce, "Ɗana, wannan kayan mutanen da suka shuɗe ne. Ka rufe wuyan riga babu kowa ciki, mai ita zai zo ya shige." Har yau ina jin sanyin yatsunsa a maƙogwarona.

Akwai riga guda da ciwon ajali ya hana shi gamawa. Ni da hannuna na ninke ta na sa a akwatin, babu ƙugiya. Jiya na ɗago ta, na tarar da ƙugiyar a ɗinke, wuya a rufe, da irin ƙullinsa. Na tambayi kowa, babu wanda ya taɓa ta.

Na mayar da ita yadda take. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata maka kabari, kada ya matse ka kamar wuyan rigar nan.