Kawar Malam Mode a Ruwan Burtsatse

Shekara arba'in da ɗaya Malam Mode ya yi yana ciro kawa daga gulbin Rima, a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Kawa ita ce halittar nan mai ɓawo biyu masu tauri, wadda ke manne wa duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Yakan shiga har ƙugu, ya lalubo ta da ƙafa, ya ɓamɓaro ta da guntun ƙarfe. Naman, matarsa Sharifa ke kyafewa don miya. Ɓawon kuwa ya daka, masu kiwon kaji na Wurno su zo su kwasa.

Bara gwiwoyinsa suka ƙi. In ya fito daga ruwa sai ya zauna a gaɓa kusan awa guda kafin ƙafafun su yarda su kai shi gida. Bayan ƙaramar salla ya yanke shawara zai daina shiga gulbi, ya riƙa kiwon kawa a gida. Ya gina kwami da siminti a tsakar gida. Kwana tara yana jigilar ƙananan kawa da ransu, haɗe da duwatsunsu, har guda ɗari biyu da goma sha huɗu.

Bai zuba musu ruwan gulbi ba. Ya daɗe yana ƙyamarsa: ga laka, ga kashin shanu, ga abin da ya wanko daga gonakin albasa. Ya cika kwamin da ruwan rijiyar burtsatse, garai-garai. Duk ranar Alhamis ya zubar, ya goge gansakuka da tsintsiya, ya sake sabo.

"Malam, mi za su ci cikin wanga ruwa?" in ji Sharifa.

"Ke kin taɓa ganin kawa na cin tuwo? Na tsuhwa cikin gulbi ban ga bakinta ba. Ruwa kaɗai taka so."

A mako na shida suka fara buɗewa. Kawa mai rai tana rufe gam, wadda ta mutu ce ke wangalewa. Kowace safiya yakan durƙusa da ƙyar ya tsince matattun. Naman ciki ya zama siriri kamar ɓawon albasa. Ya ɗauka tsabta ce ta gaza, sai ya koma sake ruwan sau biyu a mako.

Ana haka Uwaisu, ɗan ƙanwarsa wanda ke aikin malamin gona a Rabah, ya biyo gaisuwa. Ya leƙa kwamin, ya juyo ya dubi kawunsa.

"Kawu, azumi ka sa su, kuma ba buɗa-baki."

"Kai, ban son shaƙiyanci. Hwaɗa min mi na yi."

Uwaisu ya ɗauko ɗaya, ya nuna masa wata 'yar kafa a gefen ɓawon. Ya ce ta nan take zuƙar ruwa yini guda, ta tace ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, ta fesar da sauran. Har abin da ya narke a ruwan, kamar yadda sukari ke ɓacewa a shayi, wani yakan ratsa ta fatar jikinta ya ciyar da ita. Ganyen da ya ruɓe, da gansakuka, da duk abin nan da ke sa ruwan gulbi duhu, shi ne cimarta.

"To gansakukar da nika gogewa?"

"Ita ce ɗan abin da ya rage musu, Kawu."

Sharifa tana daka a gefe. Ba ta ɗago kai ba.

Malam Mode ya tambaya ko in ana kawo ruwan gulbi a jarka za su rayu. Uwaisu ya ce sai dai kullum, kuma da yawa, domin ruwa mai gudu suka saba da shi. Tsohon ya dubi kwamin, ya auna nisan gulbi a ransa. Wahalar jigilar ruwa ta fi ta shiga gulbi.

Sittin da uku suka rage. Washegari Uwaisu ya ɗaure su a jiƙaƙƙen buhu, ya goya kawunsa a babur zuwa gaɓa. Ya ce bari shi ya shiga ya mayar da su ruwa. Malam Mode ya girgiza kai, ya ce Uwaisu bai san inda duwatsun suke ba. Ya naɗe wando, ya dafa kafaɗar Uwaisu, ya sa ƙafa a ruwa.