Doron Rufin Siton Reluwe

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa, ina zaman jiran aiki, masu sana'a na unguwarmu ta Abakpa suka sami izinin gyara tsohon siton reluwe da ke gefen layin dogo. Dogon gini ne na jan bulo, inda a da ake sauke kayan tarago. Bangonsa lafiya lau. Kwanon rufin ne ya daɗe da ɓacewa. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce mutane. Ban gani da idona ba, don haka ba zan yanke hukunci ba, ko da yake na san akurkin kaji da dama a unguwarmu masu rufi mai kauri ƙwarai.

Aka kafa kwamiti, aka naɗa wani Alhaji mai sayar da kayan gini shugaba. Kwamitin ya fito da dokar da ya daɗe yana alfahari da ita: kowa ya rufe saman wurinsa. Teloli suka jeru ta gabas, masu gyaran rediyo ta yamma, aka bar hanya a tsakiya. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai ɗinka katifar auduga, ya sami ƙuryar da hanyar ta ƙare. Kekensa na hawa ya sayar ya sayi kwano, ya rufe nasa tsaf. Kowa ma ya rufe nasa, wannan kam ba zan tauye musu ba. Abin da ya rage shi ne doron rufin, daidai saman hanya, inda ya kamata kwanon gabas da na yamma su haɗu. Tazarar za ta kai kamu guda, watakila ta ɗan gaza.

Kawu ya lura cewa duk ruwan da ya zube a daɓen, ko na buta ne, ƙuryarsa yake gangarawa. Ya kai maganar taron kwamiti, na raka shi.

"Alhaji, doron nan fa?" in ji Kawu. "Damina ta matso, auduga kuwa ba ta shiri da ruwa."

"Malam, samanka a rufe yake ko a buɗe?"

"A rufe."

"To me ya kai ka saman jama'a?"

Babban tela ya ce kwanonsu ya tsaya daidai iyakarsu, mutanen yamma ne suka yi rowa. Wani mai rediyo ya ce, "Kai da kake ɗinka wa 'ya'yanka riga da ragowar yadin mutane, kai ne mai zancen rowa?" Aka fashe da dariya. Na nemi izini, na ce tunda kowa ta hanyar yake bi, a raba nauyin rufe ta. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, sami aiki tukuna, sannan ka koya mana rabo." Sauran taron ya tafi a kan launin fentin allon ƙofa. Ranar buɗewa Alhaji ya nuna wa baƙi tazarar, ya ce da gangan aka bar ta saboda haske da iska.

Ruwan farko da la'asar ya sauka. Teloli suka ja kekunansu baya, masu rediyo suka ɗage ƙafafu, suna kallon rafi yana bin hanya zuwa ƙuryar Kawu. Muka yi ta jidar buhuna, amma audugar ta riga ta sha, har da katifun da masu su suke jira. Duk shanyar da muka yi, warin ruma bai fita ba.

Kwamiti ya zo jaje, ya ce ƙaddara ce. Washegari Kawu ya aro tsani ya hau yana zare ƙusoshin kwanonsa. Alhaji ya iso yana haki.

"Haba Malam! Rufin nan ai yanzu na jama'a ne!"

Kawu bai ko waiwayo ba. Ya riƙa miƙo kwanon ina karɓa daga ƙasa, muka ɗora a amalanke zuwa unguwar Malali, inda ya kafa rumfa a ƙofar gidan surukinsa.