Kawu Ɗahiru da Gawarwakin Talabijin

Duk wanda ya taɓa zama a shagona na wasan bidiyo a Umdurman, babban birnin nan na bakin kogi, ya san abin da ke biyo baya da zarar an harbe sojansa ya faɗi. Kafin ya gama zagin wanda ya harbe shi, zai ga gajeren tsoho tsaye a kansa, da farar jallabiya da tef ɗin awo a wuya, ya ɗaga tafukan hannu biyu yana cewa, "Alfatiha." To kun san al'adar garin. Idan babba ya ɗaga maka hannu don ta'aziyya, dole ka ajiye abin da kake riƙe da shi ka ɗaga naka. Sai saurayi ya ajiye hannun wasa yana hararata, a shafa, kafin ya ɗauka an ƙara kashe shi. Tsoho kuma ya sake ɗaga hannu.

Kawu Ɗahiru ke nan, wan mahaifiyata, tela a Kasuwar Umdurman. Jallabiya yake ɗinkawa, amma a unguwa da likkafani aka san shi. Ko'ina aka yi rasuwa shi ne na farko da almakashi, shi ne wanka, shi ne shiga kabari. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma abu ɗaya ne ke damunsa a duniya: tsofaffin da suka iya suturta mamaci suna ƙarewa. Kullum bayan la'asar sai ya rufe shagonsa ya zo nawa, wai iskar fanka yake bi, ya dubi samarin da suka cika benci ya girgiza kai ya ce, "Ranar tawa wa zai rufe ni? Waɗannan?"

Wallahi kunyar da mutumin nan ya sa ni ba ta faɗuwa. Na kai ƙara wurin mahaifiyata, ta ce ita ba ta isa ta hana wanta shan iska ba.

Akwai Mu'awiya, gwanin shagon, dogo mai surutu, wanda ya san sunan kowace bindiga da ƙasar da aka ƙera ta. Ranar da na kawo sabon wasan yaƙi ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya jawo Kawu har gaban talabijin.

"Ya Haj, duba da kyau. Wannan ba wasa ba ne, gaskiya ce tsantsa. Ji ƙarar! Ka ga yadda take tokarin kafaɗa idan ta tashi? Har harsashi yana ƙarewa sai ka sake ɗurawa. Wallahi zayyil haƙiƙa, kamar gaske, babu bambanci."

Kawu ya gyara tabarau ya zuba ido. Mu'awiya ya kwantar da wani a bakin ƙofa, ya taka shi ya wuce.

"Tsaya. Koma baya. Ina mutumin da ka kashe?"

"Ya ɓace, ya Haj."

"Wa ya ɗauke shi?"

"Babu kowa. Haka suke ɓacewa."

"Ba shi da uwa? Ba shi da maƙwabta? Ko ƙuda bai sauka a kansa ba?" Ya juyo gare ni a gaban kowa. "Salihu, an cuce ka. Mayar musu da kayansu. An sayar maka da yaƙi an riƙe rabinsa."

Shagon ya kwashe da dariya, ni kuwa na shiga goge teburin da babu ƙura a kansa. Kawu bai bar Mu'awiya haka ba. Da wasa ya yi zafi, sai ya lallaɓa ta baya ya ɗora masa tef daga ƙeya zuwa diddige. Mu'awiya ya zabura ya ce, "Ya Haj, me kake aunawa?" Ya ce, "Ci gaba da harbinka. Kai dogo ne, ba na son ranar a yanka yadi ya kasa."

Sau ɗaya tak muka samu ya riƙe hannun wasan da kansa. Aka nuna masa inda zai danna ya yi tafiya da inda zai danna ya yi harbi. Ya ce na harbin ba ya bukata. Ya tuƙa sojansa tiryan-tiryan zuwa wurin abokan gaba yana "Salamu alaikum, ya jama'a," suka amsa masa da ruwan harsashi. Ya ajiye, ya ɗaga hannu ya yi wa kansa Fatiha, mu ma muka taya shi. Yana cikin shafawa sai ga sojan nan ya miƙe tsaye garau da sabuwar bindiga. Kawu ya yi tsalle har rawaninsa ya warware.

"A'uzu billahi! Ba'ati!" Wato irin mataccen nan da tsofaffi ke ba da labari, wanda ake binnewa ya dawo gida. "Salihu, da ba'ati kake neman abinci?"

Washegari ya zo da kasko ya turare shagon kaf, har bayan talabijin.

Amma ranar da na so ƙasa ta tsage in shige ita ce ranar gasa. Samari sun zo har daga unguwar Alsahafa mai nisa, shago ya cika maƙil, ana shirin farawa sai aka ɗauke wuta. Kowa ya yi tsaki ya zauna jira. Ashe Kawu ya daɗe yana jiran irin wannan rana. Ya fita, ya dawo da ƙunshin farin yadin dammuriya a hammata, ya sa aka jawo angareb ɗin da nake hutawa a kai, gadon igiyar nan da ake ɗaukar gawa da irinsa.

"Tunda kun iya kashewa, yau za ku koyi sauran aikin. Salihu, kwanta."

"Kawu, don Allah, baƙi ne fa."

"Gawa ba ta magana. Kwanta."

Na kwanta. Ya auna ni, ya yanka yadin, ya nuna musu yadda ake rufe al'aura, yadda ake fara wanka da dama, yadda ake naɗewa ƙyalle bayan ƙyalle a ɗaure a kai da ƙafa. Ya sa Mu'awiya ya maimaita har hannunsa ya faɗa. Sannan ya jera su sahu ya koya musu kabbarori huɗu da abin da ake karantawa bayan kowacce, wanda ya yi dariya ya sha duka da tef. Ina ciki gumi na karyo mini, sai Hajja Asha mai shayi ta leƙo da tire. Ta ga sahu, ta ga farin ƙunshi a kan angareb, ta tambayi wane ne. Wani shaƙiyyi ya ce, "Salihu ne." Na ji kofuna sun tarwatse. Kafin a kwance ni ta kai gidanmu tana kururuwa, mata sun fara fitowa da mayafi.

Na daɗe ban iya bin layin nan da rana ba. Yara na ganina sai su ce ga ba'ati. Kawu kuwa ko a jikinsa. Ya bar mini yadin ya ce, "Ajiye, naka ne, an riga an yanka." Don haushi na mayar da shi abin rufe talabijin saboda ƙura.

Sai yaƙi ya shigo gari, na gaske. Ba sai na ba ku labari ba, kun gani. Ranar farko da aka buɗe wuta a kusa da mu, ni da Mu'awiya muka haɗu a ƙarƙashin gado ɗaya, babu wanda ya tuna sunan bindiga ko ɗaya. Har yau idan na tuna yadda muke zama muna gardamar wace ce ta fi daɗin ƙara, kunya ce ke rufe ni. Kuma waɗanda suka faɗi a titi ba su ɓace ba. Suna nan, rana na dukansu, sai idan an lafa Kawu ya fita da almakashinsa. Ya rufe wanda ya sani da wanda bai sani ba har yadinsa ya ƙare, ya koma zanen gado. Likkafanin da ya yanka wa kansa tun da daɗewa ma ya naɗe wani baƙo da shi.

Ba harsashi ne ya ɗauke shi ba, ciwon sukarinsa ne da rashin magani. Ya cika da hantsi. Limaminmu ya riga ya bar gari, tsofaffin unguwa wasu sun tafi wasu sun rasu, hanyar maƙabarta kuma ba ta biyuwa. Ina tsaye a kansa, tambayar nan tasa tana yi mini yawo a ka, sai na ji sallama. Mu'awiya ne da samari uku na shagon, sun bi ta bayan gidaje, da shebur da jarkar ruwa.

Mu'awiya ya naɗe hannun riga ya ce, "Da dama ake farawa." Babu abin da ya manta. Da aka zo likkafani aka rasa, sai na tuna da yadin nan. Na je shago na yaye shi daga kan talabijin, muka wanke muka shanya. Da yake a tsawona aka yanka, ya yi masa yawa a ƙafa, har wani cikinmu ya ce da yana gani da ya yi faɗan asarar yadi, muka yi dariya muna share hawaye. Mu'awiya ya ja kabbarori huɗu, muka rufe shi a gefen filin ƙwallon unguwa.

Da muka gama, ya juyo gare ni, hannayensa duk ƙasa, ya ɗaga tafuka biyu ya ce, "Alfatiha." Na ajiye shebur na ɗaga nawa.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗahiru. Yadda ya suturta bayinka bai tambayi sunansu ba, ya Allah ka suturta shi da rahamarka, ka sanyaya masa makwanci. Amin.