Wasiƙar da Aka Karanta a Tsakar Gidana

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, ana tsakiyar farin da ya kwantar da shanu, tun kafin a datse kogi daga sama, ita ce shekarar da 'yata ta fari take aji biyar. Ni ban taɓa zaman benci ba. Amma a ƙauyenmu, can gefen Guri, ni ce na fara kai 'ya mace boko da ƙafata, ba dagaci ne ya aiko ba.

Makarantar tana tsallaken fadama. Idan ruwa ya cika, malaminsu ba ya ƙetarowa daga Haɗeja sai an yanke shinkafa. In ya zo kuwa, ya faɗa su maimaita, har muna jiyo su daga bakin rafi muna wanki. Ni da ƙarfin muryar nan nake auna karatu.

Ruwanmu ya ƙi kifi, maigidana ya tafi tafkin Cadi. Bayan wata biyar sai ga wasiƙa, direban motar kifi ya kawo. Kowa magatakardan dagaci yake kai wa tasa. Ni sai na tara maƙwabta a tsakar gida, na shimfiɗa tabarma.

Na ce, "Ke 'yar boko, taso ki karanta musu su ji."

Ta daɗe tana kallon takardar.

"Ko rubutun ne ƙanana?"

"A'a, Inna. Baba ya ce yana nan lafiya. Yana gaida kowa da kowa. Zai dawo da kaka."

Aka rangaɗa guɗa, na raba goro.

Ba a rufa wata biyu ba abokin tafiyar maigidana ya yi sallama, ɗauke da ragar maigidan da bargonsa. Ya ce, "Mun rubuto a turo ƙanensa ya ɗauko shi. Yana kwance yana tambaya ko an iso, har Allah ya karɓi abinsa. Ba ku samu takardar ba?"

Yarinyar tana daka. Na ji taɓarya ta tsaya.

Ashe shekara biyar ko baƙi biyu ba ta iya haɗawa. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya duba, har ni. Ban dake ta ba. Wa ya tara mata mutane?

Malamin ya rasu, abokin tafiyar ma haka. Cikin waɗanda suka ji karatun ranar, saura ni, da matar liman da ta makance, da ita kanta, tana Kafin Hausa da jikokinta. Tana zuwa duk sallah. Har yau ba mu yi zancen ba.