Limaman Bayan Bangonmu

Bango ɗaya ne ya raba kicin ɗinmu da masallacin unguwa, can wajen Uhudu inda gidaje suka kusa jingina da dutse. Ina yarinya, in ina wanke tukwane, nakan ji tarin Baba ta cikin bangon, in ji ya gyara murya, sannan ya ta da kabbara. Shi ne limamin.

Goggo, yayar Baba, ita ta ba ni tarihin wurin. Ta ce alhazanmu na da, waɗanda suka zo a ƙasa ta Sudan, suka gama aikin hajji suka zauna, su suka ɗebo baƙaƙen duwatsu suka ɗora bango, suka rufe da itacen dabino. Limami na farko wani Badamagare ne mai taushin murya, ba shi da kowa a garin. Kakanmu ne ladaninsa. Da tsufa ya zo wa Badamagaren, idonsa ya mutu, kullum sai an je an riƙo hannunsa an kawo shi. Wata rana kakanmu ya ce wa masu zuwa ɗauko shi su daina wahalar da dattijo. Shi ke nan, ba wanda ya sake zuwa. Goggo ta ce in ta ɗebo ruwa takan ga dattijon a ƙofar ɗakinsa, ya yi alwala, ya naɗa rawani, yana zaune yana jiran wanda zai kama hannunsa har a sallame.

"Kuma ba wanda ya yi magana, Goggo?"

"Wa zai yi? Kakanku ne ke ɗaura wa kowa aure, shi ke raɗa wa 'ya'yan kowa suna."

Kakanmu ya riƙe limanci har ya rasu, Baba ya gada.

Baba dogo ne, mai kaifin hadda, kuma ban taɓa ganin ya yi dariya a cikin gida ba. Yaya, babban ɗansa, da wayar fanka ya koyi karatu a hannunsa. In ya tsallake harafi, Baba ba ya gaya masa inda ya yi kuskure. Dukansa zai yi ta yi har ya gano da kansa. Umma takan tsaya a bayan labule tana murza bakin mayafinta, ba ta taɓa shiga tsakani ba.

Yaya ya girma ya shiga jami'a, ya fito da takarda, ya fito kuma da irin ƙira'ar da ake yi a Harami. Baba kuwa ƙira'ar mutanenmu na yamma ya gada, wadda wasu kalmomi ke fita da wani lafazi dabam. Duka biyun daidai ne, kowa ya sani, har shi Yaya. Amma unguwa ta soma canzawa. Mutane daga wasu ƙasashe da wasu garuruwa sun tare, kunnensu bai saba da karatun Baba ba, suna ta gunaguni.

Wata La'asar, Baba na zaune a masallaci da baƙi daga Najeriya da suka zo ziyara, Yaya ya durƙusa kusa da shi ya ce, cikin ladabi, ko zai riƙa yi wa mutane ƙira'ar da suka sani. Lokacin Yaya ya yi aure, har da ɗiya. Ƙarar marin na ji ta cikin bango, na ɗauka wani abu ne ya faɗi. Jim kaɗan sai ga Yaya ya shigo, jan mayafin kansa irin na Larabawa a hannu, sawun yatsu kwance a kumatunsa. Ya sha ruwa a tsaye, ya fita.

Daga ranar bai sake yi wa Baba Hausa ba. Baba zai yi masa magana da Hausa, ya amsa da Larabci, gajere, kamar ma'aikacin ofis da ke bayan taga.

Bayan wasu shekaru aka rushe tsohon ginin aka yi sabo. Aka kwashe baƙaƙen duwatsun a mota, aka shimfiɗa kafet, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, aka ɗaura lasifika a sama. Yanzu ba mu kaɗai ke jin Baba ba, duk unguwa ce. Gunaguni ya ƙaru, har dattawa suka same shi a gida. A gabansu ya yi tsaki, amma bayan sun tafi na gan shi zaune da rediyo a kunne, leɓensa na motsi. Da furfurarsa ya koma koyon sabuwar ƙira'a, don kada a ce ya kasa.

Abin da ya karya shi ke nan. Tsohuwar ba ta sake shi ba, sabuwar ba ta zauna ba. Yakan fara aya da wannan ya ƙare da waccan, in ya ji ya cakuɗa sai ya koma baya, in ya koma baya sai ya faɗa wata sura. Yaya kuwa ya kama wuri a sahun farko, daidai bayansa, inda makirifo ke ɗaukar murya. Ba ya jira Baba ya nemi taimako. Da zarar harshensa ya goce, sai muryar Yaya ta fito ta lasifika, tsaf, da ƙarfi, ta rufe tasa. Wani lokaci ma ba kuskure ba ne, tsohuwar ƙira'ar ce ta leƙo, duk da haka sai ya gyara. Matan maƙwabta suka daina haɗa ido da Umma in sun haɗu a kanti.

Na tare shi wata rana a zaure.

"Yaya, don Allah ka riƙa sassauta murya. Duk unguwa na ji."

"Gyaran liman wajibi ne," ya ce. Da Hausa ya ba ni amsa, ni bai daina yi mini ba. "Shi ya koya mini ba a barin kuskure ya wuce."

"Mahaifinka ne."

"Na sani."

Ranar da abin ya ƙare, Magariba ce. Ina soya albasa. Baba ya ɗauko wata gajeriyar sura, cikin waɗanda yara ke fara haddacewa, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya koma farko, ya zo wurin, ya sake tsayawa. Na ajiye cokali ina jiran muryar Yaya. Shiru. Baba ya maimaita ƙarshen ayar a hankali, da irin jan nan da liman ke yi in yana roƙon a ɗora shi. Masallaci cike yake, ba wanda bai san ayar da ke gaba ba, amma duk sun saba Yaya ne mai gyara, sai kowa ya bar masa. Shi kuma ya ja bakinsa. Lasifika na fitar da numfashin Baba kawai, yana hawa yana sauka a kan rufin gidaje. Na tsinci kaina ina faɗa wa bango ayar, albasa na ƙonewa a bayana. Daga ƙarshe Baba ya yi kabbara ya sunkuya, surar a buɗe.

Da aka sallame ba a kashe makirifo ba. Kowa ya ji Yaya ya ce, "Halas, ya abuya." Wato ya isa haka, Baba.

Ba a daɗe ba aka naɗa Yaya. Yana da takarda, yana da murya, dattawan da suka yi shekaru suna cin tuwo a zaurenmu su suka kai sunansa. Ba wanda ya zo ya gaya wa Baba. Ya shiga masallaci da Azahar ya tarar an ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu, jikin rumbun takalma. Ƙafafunsa lafiya lau suke, bai taɓa sallah a zaune ba.

Ya ci gaba da zuwa, yana ture kujerar da ƙafa yana tsayawa. Kunnensa a kan karatun Yaya yake, yana jira. Wata Asuba ya ji abin da ya ɗauka kuskure ne, ya ɗaga murya daga can ƙarshen sahu ya gyara. Ba kuskure ba ne. Yaya ya dakata, ya maimaita ayar yadda ya karanta ta da farko, a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai koya wa ƙaramin yaro. Bayan sallah wasu samari suka fito suna kwaikwayon muryar Baba a bakin titi. Ta taga na ji su.

Bai sake taka masallacin ba. In an yi kiran sallah sai ya tashi ya yi tasa shi kaɗai a falo, da sauri, don ya sallame kafin ɗansa ya ta da kabbara. Da yamma yakan kira ni in zauna in saurari haddarsa. In ya yi kuskure na yi shiru, sai ya ce na raina shi. In na gyara, sai ya buge mini hannu da carbi. Ina da 'ya'ya a lokacin, amma haka nake miƙa hannun.

Da ciwo ya kwantar da shi, Yaya na zuwa kullum. Shi ke kai shi asibiti, shi ke ɗaga shi, shi ke canza masa riga, bai taɓa fashi ba. Wata rana da hantsi Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "Kai, yi mini magana mana." Yaya ya gyara masa matashi, ya tambaye shi da Larabci ko ya sha magani. Baba ya saki hannun ya juya fuska.

Ya rasu a cikin satin. Yaya ya yi masa wanka, aka kai shi Harami a tsakiyar gari aka yi masa sallah bayan La'asar tare da sauran gawawwakin ranar. Da Magariba muna zaune da mata 'yan gaisuwa, sai muryar Yaya ta fito ta lasifika, ya ja doguwar sura, ko rawa muryar ba ta yi ba. Wata mata ta ce masha Allah, wannan haƙuri. Umma ta tashi ta rufe taga.

Yanzu a unguwar Jurf nake da zama, Yaya kuma har yau shi ne liman, mutane na son sa. Kwanaki mijina ya kai wasu ɗalibai 'yan Najeriya su yi sallah a masallacin bayan bangonmu, don sun ji labarin masallacin Hausawa ne tun asali. Bayan an idar ɗaya daga cikinsu ya gaishe da Yaya, ya tambaye shi su wane ne suka yi limanci kafin shi.

Mijina ya ce Yaya na naɗe wayar makirifo, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Wasu tsofaffi ne."